Yadda za ka yi barkwanci kan masu rabon tallafi ba tare da ka ci mutuncin talaka ba

Da zarar azumi ya matso ko an fara kaɗa gangar siyasa, za ka ga TikTok da Facebook sun cika da bidiyon barkwanci kan rabon tallafi, wannan ya zura babbar riga ya zama honarabul, wancan ya sa yagaggiyar riga ya shafa toka a ƙafa ya zama talakan da ya zo karɓa. Wasu suna ba da dariya sosai kuma suna faɗin gaskiyar da ɗan jarida ma sai ya yi kwana-kwana kafin ya faɗa. Amma da yawa daga ciki wallahi in na gama kallo raina ɓaci yake, don in ka duba da kyau wadda aka yi wa dariyar ita ce tsohuwar da ta tsaya a layi tun asuba, shi kuwa mai girman da ya tara mutanen a rana ya fita fes, ko ƙura bai kwasa ba. To ƙannena masu wannan harka, maza da mata, ga yadda nake ganin ya kamata a riƙa yin abin.

Tun kafin ka kira abokanka ku ɗauki waya, ka zauna ka binciko kuɗin waye ake rabawa. Nan ne mafi yawanku kuke tsallakewa, kuma nan ne gishirin barkwancin yake. Akwai ɗan kasuwan da ya fitar da zakkar dukiyarsa, akwai ɗan siyasan da ya sa hannu a aljihunsa ya saya wa mutanen mazaɓarsa abinci, sannan akwai wanda gwamnati ce ta ba shi kayan ko kuɗin ya raba, sai ya buga hotonsa a jikin buhu ya kira abin kyauta daga mai girma. Waɗannan ukun ba ɗaya ba ne, in ka cakuɗa su ka zalunci wani. Na ukun shi ne naman ka. A kasafin kuɗin tarayya an shafe shekaru ana ware kusan naira biliyan 100 duk shekara na ayyukan mazaɓu da sanatoci da 'yan majalisar wakilai ke nuna inda za a kashe, kuma kaso mai tsoka yana tafiya ne a abin da ake kira tallafin dogaro da kai, wato keken ɗinki, injin markaɗe, babur, injin ban ruwa da sauransu. A watan Agustan 2023, bayan cire tallafin man fetur, gwamnatin tarayya ta sanar da naira biliyan 5 ga kowace jiha don rage raɗaɗi, ban da tirelolin shinkafa. Duk wannan kuɗin jama'a ne. Mutumin da ya raba shi yana jiran kirari daidai yake da wanda ya ɗebi hatsi a rumbunka ya dawo da rana tsaka ya auna maka tiya ɗaya yana jira ka durƙusa ka yi godiya. Kuma binciken ba wuya gare shi ba, ƙungiyar BudgIT tana da wani shiri mai suna Tracka da ke wallafa jerin ayyukan mazaɓu da kuɗin da aka sa musu, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ma tana bin diddiginsu tun 2019, ka shiga ka nemi na ƙaramar hukumarku ka karanta, sau da yawa abin da za ka gani a rubuce ya fi duk abin da za ka ƙirƙiro da kanka ban dariya.

Daga nan sai ka nemi tazara, tsakanin abin da mutum ke samu da abin da ya miƙa. Lissafi kawai za ka yi, ba zagi. A 2018 Shehu Sani, yana sanata a lokacin, ya fito ya ce kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 duk wata na gudanar da ofis, a watan Agustan 2024 kuma Sanata Kawu Sumaila ya faɗa wa BBC Hausa cewa abin da ke shigo masa a wata ya kai miliyan 21. Su biyun sun kyauta da suka faɗa da bakinsu, kuma a yi adalci, sun ce na tafiyar da ofis ne ba albashi zalla ba, kai ma in za ka ambata ka faɗi hakan. Amma ɗauki miliyan 21 ka raba da naira 70,000, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024, za ka samu wata 300, shekara 25 ke nan na mai shara a ma'aikata. Ka sa yaro ɗan firamare a bidiyonka yana wannan lissafin da alli a jikin allo, malaminsa na tsaye yana zufa don shi ma ya gane nasa albashin, ba ka zagi kowa ba, ba ka ce an yi sata ba, amma duk wanda ya kalla ya ji a jikinsa.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Dan Allah kada dariyarka ta sauka a kan mai karɓa. Na san shi ne mafi sauƙi, a nuna mutum yana wawaso yana faɗuwa, mata suna fizgar leda ɗaya zani na kwancewa, wani ya sa taliya a cikin wando ya sake shiga layi, nan da nan za ka samu masu kallo dubu ɗari. Amma ka tuna abin da ke faruwa a layin nan na gaske. A watan Maris na 2024 mutum bakwai suka rasu a turmutsitsin rabon zakka a Bauchi, kusan duk mata ne da yara mata, a watan ne kuma ɗalibai mata biyu suka rasu a jami'ar jihar Nasarawa da ke Keffi wajen rabon shinkafa. A Disambar shekarar yara 35 suka mutu a Ibadan, kwana kaɗan bayan haka mutum 22 a Okija ta jihar Anambra, wasu 10 a Abuja, duk a wajen karɓar abin da bai kai ya kawo ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba kwaɗayi ne ya kai su ba, shekarar da buhun shinkafa ya fi ƙarfin albashin wata guda ce, uwa ta bar yara a gida ba a ɗora tukunya ba ta ji an ce ana rabo. Wanda ya cancanci tambaya shi ne wanda ya sanar a rediyo ko a soshiyal midiya cewa kowa ya zo, ya buɗe ƙofa ɗaya tal ga dubban mutane, don yana son hoton cincirindo. Haka ma abin da ya faru a Oktoban 2020, lokacin da mutane suka fasa rumbunan kayan tallafin korona a Jos da wasu garuruwa har ana hawa kan rufi, an yi ta yi wa masu ɗauke da buhuna dariya, ni kuwa tambayar da na so masu barkwanci su riƙe ita ce me abincin yake yi a kulle alhali an yi watanni da kulle mutane a gida da yunwa. Kuma kada ka taɓa yanko bidiyon mutanen gaske a wajen rabo ka ɗora masa waƙa ko dariya, wannan tsohon kakan wani ne, jikokinsa suna da waya.

To ya za a gina wasan? Bari in ba ka misali ɗaya ka gani, kai kuma ka yi naka. Ka fara ba daga wajen rabon ba, daga daren jajibiri, a falon honarabul, shi da babban yaronsa suna lissafi a takarda. Hayar rumfa, kujerun roba, na'urar sauti, mai gabatarwa, masu hoto uku da mai jirgin nan na ɗaukar hoto daga sama, fosta, kuɗin man motocin rakiya, abincin manyan baƙi, buga ledoji masu hoton mai girma, alawus ɗin sojojin baka da za su shiga rediyo da daddare, duk ana karantowa honarabul na gyaɗa kai yana cewa a ƙara, kada a ji kunya. Sai yaron ya juya takarda ya ce, ranka ya daɗe saura kayan da za a raba. Honarabul ya yi shiru, ya cire hula ya sosa kai, ya ce nawa ya rage? Ka tsaya nan kaɗan, kada ka yi sauri, shirun nan shi ne dariyar. Washegari kuma ka nuna mai hoto yana ta wahala da ledar, yana cewa Baba matso da ita kusa da kyamara, ɗaga sama, juyo da wajen hoton, yi murmushi, a'a ba haka ba, a sake, honarabul kuma ya riƙe gefe ɗaya na ledar ya ƙi saki har sai an ɗauka sau biyar. Dattijon nan kada ka mai da shi wawa, ka sa masa wankakkiyar riga ko da tsohuwa ce, ya tsaya da mutuncinsa, kuma shi za ka ba magana ta ƙarshe. Ya buɗe ledar a nutse, ya ga taliya biyu da sinƙin magi, ya dubi honarabul ya ce, Allah ya saka da alheri ɗana, ledar ma a bar min ko za a mayar? Shikenan ka yanke. Kada ka ƙara wa'azi a ƙarshe, mai kallo ba yaro ba ne.

Abin lura a misalin nan shi ne ba wanda ya zagi honarabul, da bakinsa ya tona kansa. Su manyan ma haka suke yi a zahiri. Ka tuna watan Agustan 2023 da shugaban majalisar dattawa Godswill Akpabio ya faɗa ana haska zaman kai tsaye cewa an tura wa sanatoci ɗan abin hutu a asusunsu, da aka ankarar da shi sai ya janye ya ce addu'o'i ne aka tura musu a akwatin saƙo. Wane marubucin barkwanci ne zai iya ƙirƙiro wannan? Don haka ka riƙa sauraron jawabansu da kunnen basira, ka riƙa ajiye kalmominsu, somin taɓi ne, ba mu yi don siyasa ba, daga aljihuna na yi, wannan kaɗan ne daga cikin romon dimokuraɗiyya. Sannan kada ka manta da 'yan kore, wallahi a nan taska take, mai gabatarwar da zai ce tun da aka kafa jihar nan ba a taɓa ganin irin wannan ba, da ɗan soshiyal midiyan da ke rubuta an raba wa mutum dubu goma alhali kujerun ma ɗari biyu ne, da shugaban jam'iyya na mazaɓa da ya cika jerin sunaye da matansa da surukansa. Waɗannan kowa ya san irinsu a unguwarsu.

Batun kama suna kuwa, ka koma ga abin da muka gada. Bahaushe bai rasa hanyar taɓa mai mulki ko marowacin attajiri ba tun kafin a yi waya, akwai habaici, akwai zambon maroƙa, akwai 'yan kama da 'yan gambara, akwai tashe da yara ke yi daga goma ga azumi suna kwaikwayon malami da tsoho da mai kwaɗayi a ƙofar gidan mutum kuma ya ba su sadaka yana dariya. Ƙarfin habaici shi ne ba a kama suna, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kuma yau ga wani dalilin na daban, wato kotu. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, saboda bidiyon da aka ce sun ɓata sunan gwamnan lokacin Abdullahi Ganduje. A Nuwamban 2022 ɗin dai aka kama wani ɗalibin jami'ar tarayya ta Dutse kan rubutun layi ɗaya da ya yi a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin Aisha Buhari, har ya kwana a gidan yarin Suleja kafin a janye ƙarar bayan mutane sun yi caa. Ni ban yarda a daki mutum ko a kulle shi don ya yi wa mai mulki ba'a ba, wanda ya nemi ƙuri'ar jama'a dole ya iya haɗiye maganar jama'a, amma ra'ayina ba zai fito da kai daga caji ofis ba. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 shi aka fi amfani da shi, an yi masa gyara a 2024 an rage faɗinsa, sai dai ɓata suna har yanzu laifi ne a kundin dokokin hukunta laifuka na final kod da ake aiki da shi a Arewa, a Kano kuma ga Hukumar Tace Fina-finai. Saboda haka honarabul ɗinka ya zama honarabul kawai, ba sunan mazaɓa, ba tutar jam'iyya, ba irin hular da kowa ya san ta wane ce, ba kwaikwayon muryar da yaro ma zai gane. In kuma dole sai ka ambaci mutum na gaske, to ka tsaya kan abin da ya faɗa da bakinsa ko abin da ke rubuce a takardar gwamnati, ka sauke bidiyon ko ka ɗauki hoton shafin ka ajiye a wuri biyu, kada kalmar ɓarawo ta fito daga bakinka in ba kotu ce ta faɗa ba. Matarsa da 'ya'yansa da rashin lafiyarsa da asalinsa da ƙirar jikinsa, duk ka bar su, ba su aka zaɓa ba.

Sai addini, nan ma a taka a hankali. Abin da kake wa ba'a shi ne gori da neman suna da mai da haƙƙin mutane kyauta, ba sadakar kanta ba. Alƙur'ani da kansa ya yi maganar, a Suratul Baƙara aya ta 264 an hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, a aya ta 271 kuma an ce in an bayyana sadaka madalla, in an ɓoye an ba matalauta ya fi alheri. Ka ga ke nan bayarwa a fili ba laifi ba ce a kan kanta, wani don ya zaburar da 'yan uwansa masu hali yake yi, kuma niyya ba ka da na'urar auna ta. Kai dai ka nuna aikin da ido ke gani, tsayar da tsofaffi a rana, riƙe leda don hoto, tambayar katin zaɓe kafin a ba da shinkafa, ka bar zuciyarsa ga Mahaliccinsa. Zakka kuma haƙƙi ce, ɗaya bisa arba'in na dukiyar da ta kai nisabi ta shekara, kuma Suratut Tauba aya ta 60 ta lissafa rukunin mutane takwas da ake ba, babu 'yan jam'iyya a ciki. Za ka iya yin wasa mai kyau kan attajirin da ya canza zakkarsa zuwa sababbin 'yan ɗari biyar-biyar don layin ya yi tsawo, maimakon ya ba mutum kaɗan jarin da zai fitar da su daga layin gaba ɗaya. Amma kada ka sa aya ko hadisi a bakin ɗan wasa ana tsakiyar shashanci, kuma in wasan ya taɓo hukunci ka nuna wa malamin unguwarku kafin ka saki. Akwai kuma masu hali da yawa da ke biyan kuɗin asibitin mutane, suna ciyar da marayu, suna haƙa rijiya ba wanda ya san sunansu, ka kula kada bidiyonka ya sa mutum ya ji tsoron yin alheri don kar a yi masa dariya. Wani lokacin ma ka sa irin wannan mutumin a gefen wasan, mai shagon unguwa da ke yage shafin bashin wata bazawara a littafinsa ba tare da ya ce uffan ba, a daidai lokacin da jiniyar honarabul ke wucewa.

Wani abin da ke kashe masu barkwanci da yawa shi ne kwangila. Ka yi bidiyo biyu uku sun tashi, sai ka ga saƙo daga yaron wani ɗan takara, oga ya ga aikinka ya yaba, ga ɗan na data, akwai wani da muke so ka taɓa mana. Ranar da ka karɓa ka tashi daga mai barkwanci ka koma sojan baka, kuma mutane suna ganewa da wuri fiye da yadda kake zato, za su lura ɓangare ɗaya kawai kake duka. Rabon taliya ba shi da jam'iyya, duk suna yi. Ka gwada kanka da tambaya ɗaya kafin ka saki kowane bidiyo, da ɗan siyasan da nake so ne ya yi wannan rabon, zan yi masa wannan wasan? In amsar a'a ce ka goge. Wani kuma ba kwangila zai ba ka ba, kiranka zai yi gida ya yi dariya ya ce ka burge shi ya miƙo ambulan, ita ma wannan ɗin rufe baki ce.

Ta ɓangaren aiki kuwa, kada bidiyon ya wuce minti ɗaya zuwa biyu, ra'ayi ɗaya tal a kowane bidiyo, in kana da uku ka yi bidiyo uku. Sauti ya fi hoto muhimmanci, ka sayi ƙaramar makirfon ta maƙalawa a riga, ka guji ɗauka kusa da janareto ko bakin titi, don barkwancin magana in ba a ji kalma ɗaya ba ya mutu. In ka kawo adadi, rubuta a ƙasan bidiyon inda ka samo shi. Kafin ka saki ka nuna wa mutum biyu, ɗaya wanda ya taɓa tsayawa a layin tallafi da kansa, mahaifiyarka ko gwaggonka ko maƙwabcinku mai gadi, ka kalli fuskarsa lokacin da yake kallo, in ya yi dariya har da tafa hannu ka saki, in ya yi yaƙe ya kau da kai to akwai inda ka taka shi, koma ka gyara. Na biyun kuma wanda ya san doka, ko ɗalibin lauya ne, kuma lambar wani lauya ta kasance a wayar wani ɗan gidanku ba a taka kaɗai ba. In aka nuna maka adadin da ka kawo ba daidai ba ne, ka sauke bidiyon ka gyara ka faɗa a fili, in kuwa barazana ce kawai aka turo maka ta saƙo, ka ɗauki hotonta ka ajiye, kada ka tsaya musayar zagi da 'yan kore a ƙasan bidiyo, don da irin wannan musayar ake samun kalmar da za a kai ka ƙara da ita.